Rajistar wasiyya daga nesa

Rajistar wasiyya daga nesa ita ce mutum ya rubuta wasiyyarsa, ya sa mata hannu a gaban shaidu, a kuma shigar da ita kundin wata kotu ko hukuma ta ƙasar waje ba tare da ƙafarsa ta taka ƙasar ba. Galibi ta kiran bidiyo ake yi: jami'in rajista ya ga fuskar mai wasiyya da fasfonsa, ya tabbatar yana cikin hayyacinsa kuma ba tilasta masa aka yi ba, sannan a sa hannu ta intanet. Masu buƙatarta su ne waɗanda suka ajiye wani abu a ƙetare, gida ne ko shago, kuɗi a banki ko hannun jari. Irin waɗannan mutane ba baƙi ba ne a Katsina da Daura. Akwai ɗan kasuwar da ke da rumbu a Maraɗi ko Damagaram, akwai mai sarin kaya da ya buɗe asusu a Dubai, akwai likitan da ya yi shekaru a Ingila ya dawo gida ya baro gidan haya a can.

Abin da ya sa ake yin ta

Hukuncin alƙali ba ya tsallake iyaka da kansa. Kotun shari'a a Katsina na iya raba gado ta ba kowa rabonsa, amma bankin da ke Dubai ko ofishin filaye a Landan ba sa aiki da wannan takarda sai kotun ƙasarsu ta amince da ita. A ƙa'idar da ƙasashe da yawa ke bi, gida da fili suna ƙarƙashin dokar ƙasar da suke ciki, kuɗi da sauran abin da ake iya ɗauka kuwa suna bin dokar ƙasar da mamaci ya riƙa a matsayin mazauninsa na dindindin. A Hadaddiyar Daular Larabawa, da zarar banki ya sami labarin rasuwa sai ya rufe asusun har kotu ta yi magana. Iyali na iya shafe watanni suna jira, kuɗin na nan amma hannu bai kai ba.

Wani lokacin ma magada ba su san da dukiyar ba. Bahaushe ba ya son faɗin abin da ya mallaka, ko ga matarsa, ballantana ya yi zancen mutuwarsa da rana tsaka. Wannan zurfin ciki ya fi kowace dokar ƙasar waje cinye dukiyar marayu.

Matsayinta a shari'a

Wasiyya ba sabon abu ba ce ga Musulmi. Aya ta 106 a Suratul Ma'ida ta yi magana ne a kan wanda ajali ya riska, har da wanda yake cikin tafiya, ta kuma yi umarni da a kafa shaidu biyu. Hadisin Ibn Umar ya ce bai kamata wanda yake da abin da zai yi wasiyya a kansa ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa na rubuce ba. Sai dai tana da iyaka biyu da kowane ɗalibin fiƙihu ya sani: ba ta wuce sulusin dukiya, kamar yadda ya zo a hadisin Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, kuma babu wasiyya ga magaji sai da yardar sauran magada. Ana fara fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya, sannan a raba gado.

Don haka takardar da Musulmi zai yi wa rajista a waje ba ta sauya rabon da Suratun Nisa'i ta yanka. Aikinta shi ne ta lissafa abin da ke can, ta naɗa wasiyyin da zai tsaya gaban kotun ƙasar, ta ambaci bashi da amanar mutane da ke cikin dukiyar, ta kuma bayyana cewa a raba saura bisa shari'a. Batun amana yana da nauyi a wurin 'yan kasuwa, domin sau da yawa kuɗin da ke asusun mutum ɗaya na abokan sari biyar ne. A ƙasa irin Ingila, inda doka ta bar mutum ya ba wanda ya ga dama, wannan takarda ce ke sa a bi rabon Musulunci a kan gidan da ke can. In babu ita, dokar Ingila ta wanda ya mutu bai bar wasiyya ba ce za ta hau kan gidan.

A Najeriya ma an taɓa kai ruwa rana a kan wannan. A shari'ar Adesubokan da Yunusa ta 1971, Kotun Ƙoli ta ce wasiyyar da Musulmi ya yi a ƙarƙashin dokar wasiyya ta Ingila ta 1837 tana aiki ko da ta saɓa wa iyakokin fiƙihun Malikiyya. Daga baya wasu jihohi suka gyara dokokinsu don toshe wannan kafa.

Inda ake yi daga nesa

Wurin da aka fi tallatawa shi ne ofishin rajistar wasiyya na kotunan DIFC, wato cibiyar hada-hadar kuɗi ta ƙasa da ƙasa da ke Dubai, wanda aka buɗe a 2015, ya kuma fara karɓar rajista ta bidiyo a 2020 lokacin annobar korona. Mai wasiyya da shaidunsa biyu na iya kasancewa a ko'ina a duniya. Abin da masu talla ba sa yawan faɗa da wuri shi ne, wannan ƙofa ta waɗanda ba Musulmi ba ce kawai. Alhajin Daura da ya sayi ɗaki a wani bene a Dubai ba zai shiga ta nan ba. Kirista mazaunin Katsina da ke da irin wannan kadara zai iya.

Ingila ta halatta shaidu su kalli sa hannu ta bidiyo na wucin gadi, daga 31 ga Janairu 2020 zuwa 31 ga Janairu 2024, sannan ta koma tsohon tsari. Wannan bai hana komai ba, domin dokar Ingila ba ta wajabta rajista ba. Lauya a Landan na iya tsara takardar ya turo, mai ita ya sa hannu a Katsina a gaban shaidu biyu da ke tare da shi a lokaci guda, a mayar da ita ta masinja. Sharaɗin da ake yawan tuntuɓe a kansa shi ne, shaida ko matarsa ba sa cin abin da aka ba su a cikin wasiyyar. A Amurka kuwa kowace jiha da tata dokar. Nebada ta fara yarda da wasiyyar lantarki tun 2001.

Nijar, maƙwabciyar da ake shiga ta Jibiya ko Kwangwalam, tana cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Washington ta 1973 kan wasiyyar ƙasa da ƙasa, wato tsarin rubuta wasiyya guda ɗaya da ƙasashen da suka shiga suke karɓa, Najeriya kuwa ba ta ciki. Amma ga mai shago a Maraɗi, tafiyar 'yan sa'o'i ta fi duk wani kiran bidiyo sauƙi.

Takardu da tuntuɓe

Takardar da aka yi a Najeriya ba ta karɓuwa a waje haka kawai. Yawanci sai lauya mai hatimi ya tabbatar da ita, Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta buga nata hatimin, ofishin jakadancin ƙasar da za a kai ta ya buga nasa, a wasu wuraren kuma a fassara ta zuwa Larabci ko Faransanci. Sunan da ke fasfo dole ya zo daidai da na takardar gida da na banki. Wanda yake Muhammadu a nan, Mohammed a can, Mamman a takardar haihuwa, ya bar wa 'ya'yansa aikin rantsuwa a kotu.

Babban kuskure yana cikin layi ɗaya. Lauyoyi sun saba buɗe wasiyya da cewa ta soke duk wadda ta gabace ta. Mai wasiyya biyu, ɗaya ta gida ɗaya ta waje, in bai sa an rubuta cewa ta wajen ta shafi dukiyar wannan ƙasa kaɗai ba, sabuwar za ta kashe tsohuwar. Haka nan a dokar Ingila sabon aure yana soke wasiyyar da aka yi kafinsa, abin da ya kamata mai niyyar ƙarin aure ya tambayi lauyansa a kai.

Rajista kuma ba ta kare dukiya daga haraji. Gidan da ke Birtaniya na iya fuskantar harajin gado na kashi 40 cikin 100 a kan abin da ya haura fam 325,000, ko da mai shi bai taɓa zama a can ba. Amurka ta fi tsanani ga baƙo: wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba mazauni ba, dala 60,000 kawai aka yafe masa, kuma hannun jarin kamfanonin Amurka da matasa ke saye ta manhajar waya yana cikin lissafin.