Mene ne furiyar, kuma me ke kai mota can?

Furiyar, kalmar da Hausar Nijar ta aro daga Faransanci, ita ce filin da hukuma ke tsare abin hawan da aka kama ya tare hanya, ko yana yawo babu cikakkun takardu, har sai mai shi ya zo ya cika sharuɗɗan doka. A Maradi an fi jin ta a bakin ƴan kabu-kabu da masu adaidaita sahu, amma makiyaya ma sun san ta sarai, domin can ne ma'aikatar magajin gari ke kai dabbar da aka samu tana gararamba cikin gari.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa idan aka kai mota furiyar an ƙwace ta ke nan, alhali kuwa tana nan a matsayin dukiyar mai ita. Abin da ke kansa shi ne ya biya tarar laifin da ya yi, ya biya kuɗin ajiya da ake lissafawa gwargwadon kwanakin da motar ta yi a filin, sannan ya nuna takardar mallaka da lasisin tuƙi da na inshora. Saboda haka duk wanda ya tsaya jan ƙafa yana neman mai roƙa masa alfarma, kuɗi yake ƙara wa kansa, kuma motar da aka yi watsi da ita tsawon lokaci tana iya ƙarewa a gwanjo.

Dalilin da ya sa batun yake da nauyi a nan shi ne yanayin garin. Hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai zuwa Damagaram, ta ratsa jihar, mai lamba 9 kuma ta nufi Ɗan Isa da iyakar Najeriya, don haka manyan motocin kaya ba sa yankewa. Tirela ɗaya ta tsaya sauke buhuna a bakin babbar kasuwa, sai amalanke da babura su curu a ɗan abin da ya rage na kwalta, mai tafiya a ƙasa ya rasa inda zai sa ƙafa. Mafi muni ita ce wadda ta lalace da dare a bayan gari, babu fitila, sai ƴan rassan itace da yaron mota ya jera a kan titi. Cikin gari ƴan sanda ne ke kula da wannan, a kan hanyoyin karkara kuwa jandarmomi.

A ganina kamun ba zai share hanya shi kaɗai ba. Direban da aka hana tsayawa a bakin titi yana bukatar a nuna masa garejin da zai shiga, a kafa allon da ke nuna inda aka haramta ajiye mota, kuma duk kuɗin da ya biya a ba shi rasit, domin kuɗin da aka karɓa babu rasit ba ya isa baitulmali.