Kiɗan ƙara: mene ne shi, kuma wai ya mutu?

Yaran da ke haɗa bit, wato kiɗan da ake ɗora waƙa bisa kai, a situdiyo nan Gusau sun fara cin karo da wata kalma a YouTube, noise music, wasu har sun ɗauka zagi ne, wai kiɗan da bai yi daɗi ba. Ba haka ba ne. Fanni ne mai zaman kanshi, da masu yi da masu saye, kuma ya haura shekara ɗari. Mu ce mashi kiɗan ƙara.

Duk sautin da mai haɗa waƙa ke shan wahalar cirewa, to shi su suke nema. Kukan da lasifika ke yi in makirfo ta matso kusa da ita, shuuu ɗin rediyo tsakanin tasha da tasha, gurnanin wayar da ba ta zauna daidai ba, ƙarfe bisa ƙarfe. Ba amshi, ba baiti, sau da yawa ko bugun da za ka bi da ƙafa babu. Za ka ga mutum ya jera 'yan akwatunan nan da masu jita ke takawa bisa tebur, ya ɗauko wayar da ke fita daga mikisa ya maida ta ramin shiga, sai na'urar ta riƙa jin kanta tana ihu, shi kuwa aikinshi murɗa maɓalli a hankali, ya ƙara kauri nan, ya rage tsini can, ya bari abin ya cika ɗaki har ka ji shi a ƙirji, sannan ya yanke kwatsam.

To in DJ ya ƙure bolum a gidan biki har sifika ta shaƙe fa? Wannan ba shi ba ne, matsala ce kawai, shi kanshi DJ bai so ba. Injin niƙa ma ba kiɗa yake ba. Sai ranar da wani ya ɗauki ƙarar da gangan, ya zaɓi inda za ta fara da inda za ta tsaya, ya ce ku zauna ku saurara. Niyya da tsari su ne iyakar, kuma ni ban yarda da masu cewa kowa ma zai iya ba, wanda ya iya da wanda ke dagula waya kawai minti biyu sun isa ka bambance su.

Wani mai zane ɗan Italiya, Luigi Russolo, shi ya rubuta takarda a 1913 yana cewa kunnen mutanen birni ya saba da injina, ya kamata kiɗa ya bi. Ya ƙera akwatunan yin ƙara, da anka kunna su a Milan a 1914 taron da dambe ya ƙare. A 1948 Pierre Schaeffer a Faransa ya ɗauki ƙarar jirgin ƙasa ya yi kiɗa da ita. A 1975 Lou Reed na Amurka, wanda anka sani da waƙoƙin rok, ya fitar da faifai na sama da awa guda ba komai ciki sai kukan jita, mutane da yawa sunka maida shi shago. Amma inda abin ya yi gida sosai Japan ne. Masami Akita, wanda aka fi sani da Merzbow, ya fara a 1979 kuma ya fitar da ɗaruruwan faifai, a 2000 ma CD 50 ya saki cikin akwati ɗaya.

Masu cewa ya mutu suna da 'yar hujja. A da wanga kiɗa tsorata mutane yake, a korar da 'yan kallo, a rufe wuri, har wani a Tokyo ya taɓa shiga wurin wasa da motar rusau a 1985. Yanzu wa zai firgita? Kowa ya ji komai a waya. Wajen 2004 abin ya ɗan yi tashe a Amurka, har babban taro ake yi a New York duk shekara, daga baya ya lafa. Wannan ɓangaren na ban tsoro kam ya tafi, kuma wallahi ban yi kewarshi ba, ya daɗe yana rufe ainihin aikin.

Amma sautin yana nan, ya ma fi da yawa. Faifan da mawaƙin Amurka Kanye West ya fitar a 2013 cike yake da bas mai tsagewa da gangan, yaran da ke sa ma bit ɗinsu wannan ƙazantar yau wasunsu daga can sunka gada ko sun sani ko ba su sani ba. Su kuma 'yan gani-kashe-nin suna Bandcamp, wani shafin saida kiɗa a intanet, suna saida kaset ƙwaya kaɗan, su yi wasa a ƙaramin ɗaki ga mutane 'yan tsiraru, dama can haka yake, bai taɓa zama kiɗan gidan rediyo ba balle a ce rediyo ta juya mashi baya. Kuma ya iso Afirka: kamfanin Nyege Nyege Tapes na Kampala a Uganda ya fitar da faifan Duma, wasu matasa biyu 'yan Nairobi, a 2020, ihu da injin ganga da ƙara mai nauyi, anka yi ta maganarshi har Turai.

In za ka gwada ji, rage bolum kafin ka sa iyafis, kiɗan nan na iya lalata kunne da gaske, masu zuwa wasan ma da yawa da abin toshe kunne suke shiga.