Fursunonin yaƙi

Fursunan yaƙi shi ne mayaƙin da ya faɗa hannun abokan gaba ana cikin yaƙi. Yunwa da cuta da aikin tilas su ne suka fi kashe irin waɗannan mutane.

A ƙasar Katsina da Daura

Kafin zuwan Turawa ba a tsare ribatattun yaƙi a sansani. Ganima ce, ana rabawa. Bayan Ummarun Dallaje, mai riƙe da tutar jihadin Shehu Ɗanfodiyo, ya karɓi Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, suka kafa Maraɗi wajen 1819, daga nan kuma aka shafe shekaru ana kai wa juna hari. Zamanin Ɗan Baskore, wanda ya yi sarautar Maraɗi a tsakiyar ƙarni na 19, hare-haren sun tsananta a ƙauyukan Katsina. Haka Daura ta kasance bayan masu sarautarta na dā sun koma Zango da Baure.

Wanda aka kama, ko dai a sayar da shi, ko a kai shi rinji, wato ƙauyen bayi, ya yi noma, ko danginsa su bi sawu su fanshe shi. Wanda ba shi da mai fansa yakan nemi izinin ubangijinsa ya yi sana'ar kansa yana biyan murgu, wato kuɗin da bawa ke ba ubangijinsa a madadin aikinsa, yana tara kuɗi har ya fanshi kansa. Wannan juriya ba ta samu wurin da ya dace da ita a tarihin sarakuna ba. An haramta bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya a 1936.

Yaƙin Duniya na Biyu

A 1940 Jamus ta kama dubban sojojin Afirka da ke yi wa Faransa yaƙi, ta tsare su a sansanoni cikin Faransa. Léopold Senghor, wanda ya zama shugaban Senegal a 1960, yana cikinsu. Waɗanda aka maido Thiaroye, kusa da Dakar, suka nemi haƙƙinsu na albashi, sojojin Faransa suka buɗe musu wuta ranar 1 ga Disamba 1944. Har yau ana jayayya kan adadin mamatan.

A gabas, Japan ta sa fursunoni kimanin 60,000 aikin shimfiɗa layin dogo tsakanin ƙasashen Tailan da Bama (Myanmar ta yanzu), kimanin 12,000 suka mutu.

Doka

Yarjejeniyar Geneva ta uku, ta 1949, ta haramta azabtar da fursunan yaƙi, ta wajabta ciyar da shi da yi masa magani, a kuma sake shi da zarar an daina faɗa.