Manufar Wayar da Kai ta Turawan Mulkin Mallaka

Manufar wayar da kai ita ce hujjar da daulolin Turai suka riƙe wajen halasta mamayar ƙasashen Afirka da Asiya, musamman daga ƙarni na 19 zuwa tsakiyar ƙarni na 20. Faransawa suna kiranta mission civilisatrice. Da'awar ita ce Turai ta riga kowa kaiwa ƙololuwar wayewa, sauran al'ummomi kuwa suna can baya a kan hanya ɗaya, don haka wajibi ne Bature ya ja su gaba ko suna so ko ba sa so. Kayan da aka ce za a kai musu su ne addinin Kirista, karatun boko, asibiti, ciniki da shari'a irin ta Turai.

Asali

Gardamar ta girmi mulkin mallakar Afirka. A shekarar 1550, a birnin Valladolid na Sifaniya, an zauna muhawara kan mutanen da Turawa suka tarar a nahiyar Amurka. Masani Juan Ginés de Sepúlveda ya kafa hujja da Aristotle, masanin falsafar Girka na dā, cewa akwai mutanen da aka halitta don bauta, limamin coci Bartolomé de las Casas kuma ya ce mutane ne masu hankali kamar kowa. Aka tashi ba tare da hukunci bayyananne ba, mamaya ta ci gaba.

A 1789 juyin juya halin Faransa ya shelanta cewa ana haihuwar mutane 'yantattu, daidai suke a haƙƙi. Bayin da ke noman rake a Haiti, wadda take ƙarƙashin Faransa a lokacin, suka ɗauki maganar da gaske, suka yi bore a 1791, suka kafa ƙasarsu a 1804. Ita kuwa Faransa ta soke bauta a 1794, Napoleon ya dawo da ita a 1802, ba a kawar da ita gaba ɗaya ba sai 1848. Wannan tufka da warwara ita ce ta bi manufar har ƙarshenta: ana kiran 'yanci da daidaito haƙƙin kowane ɗan Adam, amma wajen rabo sai a duba launin fata.

Yadda Turai take kallon ilimin wasu ya fito fili a takardar da Baturen Ingila Thomas Macaulay ya rubuta a 1835 kan tsarin karatu a Indiya. Ya ce kanta ɗaya ta littattafan Turai ta fi dukan abin da aka rubuta a Indiya da ƙasar Larabawa daraja, alhali a cikin takardar ya amsa da kansa cewa bai san Larabci ko Sanskrit, tsohon harshen ilimi na Indiya, ba.

Zamanin rabon Afirka

Daga Nuwamban 1884 zuwa Fabrairun 1885 ƙasashe 14 suka yi taro a Berlin kan Afirka, babu wakilin Afirka ko ɗaya. Yarjejeniyar da suka sa wa hannu ta yi alkawarin kyautata rayuwar 'yan ƙasa da hana cinikin bayi. Da irin wannan alkawari Sarki Leopold na II na Beljiyam ya mallaki Kwango a matsayin kayansa na ƙashin kansa, inda aka riƙa yanke hannaye da ƙona ƙauyuka saboda roba, har gwamnatin Beljiyam ta karɓe ƙasar daga hannunsa a 1908.

A ranar 28 ga Yulin 1885 tsohon firaminista Jules Ferry ya faɗa wa majalisar Faransa cewa jinsunan da ke sama suna da haƙƙi a kan na ƙasa, domin nauyin wayar da su yana wuyansu. Ba kowa ya yarda ba. Ɗan majalisa Georges Clemenceau ya mayar masa da martani cewa shi ya daina amincewa da zancen fifikon jinsi tun da ya ga malaman Jamus suna kawo hujjar kimiyya cewa Faransa ta sha kashi a yaƙin 1870 ne saboda Bafaranshe yana ƙasa da Bajamushe.

Ƙasar Hausa ta ga wannan wayewa da idonta a 1899, lokacin da rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ta ratsa kudancin Nijar ta yau a kan hanyarta ta zuwa Tafkin Chadi. Sun fafata da Sarauniya a Lugu, sun yi kisan kiyashi a Birnin Ƙonni, sun bar garuruwa toka. Da labarin ya isa Paris aka turo Kanar Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli, wato ranar da Faransa take bikin juyin juya halinta. Kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu baƙaƙe suka kashe su biyun.

Salon kowace daula

Faransa ta ce burinta ta mayar da ɗan mulkin mallaka Bafaranshe. A aikace, a Afirka ta Yamma mazauna garuruwa huɗu na Senegal, wato Dakar, Saint-Louis, Gorée da Rufisque, su ne suka sami haƙƙin zaɓe, kuma daga can Blaise Diagne ya shiga majalisar Faransa a 1914. Sauran miliyoyin talakawa suna ƙarƙashin dokar indigénat, wadda ta ba kwamanda ikon ɗaure mutum ko cin tararsa ba tare da alƙali ba. Ita da aikin tilas sai a 1946 aka soke su. Fotugal ma tana da ajin waɗanda ta ce sun waye, amma a Angola ba su kai kashi 1 cikin 100 na jama'a ba a 1950.

Ingila ta bi wata hanya. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Lugard ya bar sarakuna da alƙalai a kan kujerunsu ƙarƙashin Razdan da Di'o, aka kuma taƙaita shigar 'yan mishan masarautun Musulmi. A littafinsa na 1922 ya ce mulkin mallaka amana biyu ce: ciyar da 'yan ƙasa gaba, da buɗe arzikin ƙasarsu don amfanin duniya. Ta biyun ta fi samun kulawa. Layin dogo ya iso Kano tun wajen 1911, ya kwashi gyaɗa da fatu zuwa Ikko, makarantu kuwa a gurguje suka zo: ta Baturen da ake kira Ɗan Hausa a Nasarawar Kano a 1909, sai Kwalejin Katsina a 1922, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello.

Bayan 'yancin kai

Yarjejeniyar da ta kafa ƙungiyar ƙasashen duniya ta farko a 1919 ta kira riƙon tsofaffin yankunan Jamus da Turkiyya amanar wayewa, da haka aka raba Kamaru da Togo tsakanin Ingila da Faransa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kalmar ta fara zama abin kunya. Tsofaffin sojojin da suka yi yaƙi a ƙasar Bama da Turai da 'yan bokon da makarantun mulkin mallaka suka horar suka riƙa tambayar Turawa ina 'yancin da suke wa'azi. Masu nazari da dama suna ganin tunanin ya sauya riga ne kawai, ya koma zancen ƙasashe masu ci gaba da masu tasowa da sharuɗɗan ba da tallafi. Wasu kuma suna ganin rigakafi, hana bauta da haƙƙin ɗan Adam alheri ne ko ta hannun wa suka zo.

A Faransa dai wutar ba ta mutu ba. Dokar 23 ga Fabrairun 2005 ta umarci makarantu su koyar da alfanun zaman Faransa a ƙasashen ƙetare, amma hayaniyar da ta biyo baya, musamman daga Aljeriya, ta sa aka cire wannan sashe a 2006. A 2017, yana ɗan takarar shugaban ƙasa, Emmanuel Macron ya kira mulkin mallaka laifi a kan bil'adama. Shekara goma kafin nan, a Yulin 2007, Shugaba Nicolas Sarkozy ya ce ɗan Afirka bai shiga tarihi yadda ya kamata ba. Ya faɗi haka ne a jami'ar Dakar mai ɗauke da sunan Cheikh Anta Diop, masanin da ya ƙarar da rayuwarsa yana ƙaryata wannan magana.