Tambayoyi da amsoshi kan 'yan kwatabak na ƙungiyar Washington da rikicin kwantiragi

Wane ne kwatabak, kuma me ya sa kwantiraginsa ke tayar da ƙura?

A ƙwallon ƙafa irin na Amurka, kwatabak shi ne ɗan wasan da ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya yanke shawarar jefa ta ko miƙa ta ga abokin wasa, saboda haka nasarar ƙungiya ta rataya a wuyansa fiye da kowa. Gasar NFL, babbar gasar wannan wasa a Amurka, tana da ƙa'idar da ta iyakance kuɗin da ƙungiya za ta kashe a albashi kowace shekara, kuma ba duk kuɗin da aka rubuta a kwantiragi ba ne ɗan wasa ke da tabbacin karɓa, domin ana iya sallamarsa kafin wa'adi ya cika. Shi ya sa takaddamar takan tsaya a kan kuɗin da aka lamunce masa ko da ya ji rauni.

Su wa suka ɗaga sunan Washington a wannan matsayi?

Ƙungiyar, wadda ake kira Commanders tun 2022, ta lashe Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin NFL, sau uku a ƙarƙashin koci Joe Gibbs, kowane karo da kwatabak dabam: Joe Theismann a Janairun 1983, Doug Williams a 1988, sai Mark Rypien a 1992. Williams, baƙar fata na farko da ya jagoranci ƙungiya ta ci wannan kofi daga wannan matsayi, rikicin albashi ne ya raba shi da tsohuwar ƙungiyarsa ta Tampa Bay tun a 1983, inda ake biyansa dala 120,000 a shekara.

Yaya rikicin Kirk Cousins ya samo asali?

A zaɓen sababbin 'yan wasa na 2012, Washington ta ba ƙungiyar Rams zaɓinta na zagayen farko guda uku da na zagaye na biyu guda ɗaya don ta ɗauki Robert Griffin III, sannan ta ɗauki Cousins a zagaye na huɗu a matsayin madadi. Griffin ya haskaka a shekararsa ta farko, amma raunin da ya ji a gwiwa a wasa da Seattle a Janairun 2013 ya dusashe tauraronsa. A 2015 aka damƙa wa Cousins ragama, ya kai ƙungiyar ga lashe rukuninta, kuma a daidai lokacin ne kwantiraginsa na farko ya ƙare.

Me ƙungiyar ta yi da kwantiragin ya ƙare?

Ta yi amfani da damar da doka ta ba kowace ƙungiya ta riƙe ɗan wasa ɗaya na tsawon shekara guda ba tare da ya tafi kasuwa ba, bisa sharaɗin a biya shi kwatankwacin albashin manyan 'yan wasan matsayinsa. A 2016 Cousins ya karɓi kusan dala miliyan 20, ya kuma jefa ƙwallo ta yadi 4,917, abin da babu wani kwatabak na ƙungiyar da ya taɓa yi a kaka ɗaya. A 2017 aka sake riƙe shi ta wannan hanya, da ƙarin kashi 20 cikin ɗari, wato kusan dala miliyan 24, ya zama kwatabak na farko da aka yi wa haka shekara biyu a jere. A Yulin 2017 shugaban ƙungiyar, Bruce Allen, ya fito fili ya ce sun yi masa tayin dala miliyan 53 da aka lamunce, matakin da a ganina ya ƙara dagula al'amari, domin fallasa cinikin da ake yi a ɗaki ba ya sa ɗan wasa ya ji ana mutunta shi.

Wa ya ci riba, wa ya yi asara?

Cousins ne ya ci riba. Ya tara kusan dala miliyan 44 cikin shekara biyu, sannan a Maris 2018 ya sa hannu da Minnesota Vikings kan dala miliyan 84 na shekara uku, duka an lamunce masa. Washington kuwa ta yi jinkiri lokacin da farashinsa ke ƙasa, ta biya shi da tsada, kuma a ƙarshe ta rabu da shi. Ba na cewa Cousins zai kawo mata kofi, amma da ta tsai da shawara tun 2016, ko ta ɗaure shi da doguwar yarjejeniya ko ta yi musayarsa, da ba ta tashi a tutar babu ba.

Me ya biyo baya?

Ƙungiyar ta ɗauko Alex Smith daga Kansas City, amma ya karye a ƙafa ranar 18 ga Nuwamban 2018, shekara 33 daidai da ranar da Theismann ya yi irin wannan karaya. An yi wa Smith tiyata 17 kafin ya dawo fili a 2020. Dwayne Haskins, wanda aka ɗauka a zagayen farko na 2019, bai cika kaka biyu ba aka sallame shi. Sai a 2024 Washington ta samu Jayden Daniels, wanda ya kai ta wasan da ake tsallakawa daga shi zuwa Super Bowl a kakarsa ta farko.