Sanarwar 'Yanta Bayi ta 1863 da Dalilin da Ya Sa Ba Ta Shafi Dukkan Jihohin Amurka Ba

Mutane da yawa suna ɗauka cewa bauta ta ƙare a Amurka ranar 1 ga Janairu, 1863, lokacin da shugaba Abraham Lincoln ya rattaba hannu a kan sanarwar 'yanta bayi. Ba haka takardar ta ce ba. Daga cikin jihohi 15 masu bayi, goma kawai ta ambata da suna, ta ce duk bawan da ke cikinsu ya zama ɗa, sannan a cikin goman ma ta keɓe wasu gundumomi ta ce a bar su yadda suke. Abin da ta duba shi ne ko jiha tana yi wa gwamnatin tarayya tawaye, ba yawan bayin da ke cikinta ba. Don haka wanda yake son fahimtar wannan doka sai ya fara sanin yadda kowace jiha ta zaɓi ɓangarenta shekaru biyu kafin nan.

Lokacin da aka zaɓi Lincoln a watan Nuwamba na 1860, bayin da ke ƙasar sun kusa miliyan huɗu. Jam'iyyarsa ba ta yi alkawarin soke bauta a jihohin da take ba, sai dai ta ce za ta hana ta bazuwa zuwa sababbin yankunan yamma. Wannan kaɗai ya ishi jihohin can ƙuryar kudu, inda arzikin auduga ya dogara kacokan a kan gumin bayi. Karolina ta Kudu, wadda fiye da rabin mutanenta bayi ne, ita ce ta fara ɓallewa ranar 20 ga Disamba, 1860, a wani taron wakilai da babu ko mutum ɗaya da ya kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa. Zuwa 1 ga Fabrairu, 1861, Misisifi, Fulorida, Alabama, Jojiya, Luwiziyana da Teksas sun bi sahunta, suka kafa haɗakarsu a birnin Montgomery da Jefferson Davis a matsayin shugaba. Ba su ɓoye dalilinsu ba, domin takardar da Karolina ta Kudu ta fitar ta koka ne a kan yadda jihohin arewa suke ƙin mayar da bayin da suka gudu.

Sauran jihohi takwas masu bayi sun tsaya sun ga gudun ruwa tukuna. Taron wakilan Birjiniya ya yi watsi da ɓallewa ranar 4 ga Afrilu da rinjayen kusan biyu bisa uku. Amma da dakarun kudu suka buɗe wuta a kan Sumter, sansanin sojan tarayya da ke Karolina ta Kudu, ranar 12 ga watan, kuma Lincoln ya nemi jihohi su ba shi dakaru 75,000, sai tambayar ta canza salo, ta koma ko za su ɗauki makami su yaƙi maƙwabtansu. Ranar 17 ga Afrilu wannan taro dai ya amince da ɓallewa da ƙuri'a 88 a kan 55. Arkansas, Karolina ta Arewa da Tenesi suka biyo baya, jihohin tawaye suka cika 11.

Huɗu ne suka rage: Delawaya, Merilan, Kentaki da Misuri. Ta Delawaya mai sauƙi ce, tun da bayinta ba su kai 2,000 ba. Merilan kuwa ita ta kewaye Washington ta arewa, kuma da ta ɓalle da fadar gwamnati ta wayi gari a tsakiyar abokan gaba. Ranar 19 ga Afrilu gungun mutane suka far wa sojojin tarayya da duwatsu da bindigogi a titunan Baltimore, babban birnin kasuwancin jihar, aka rasa rayuka a ɓangarorin biyu. Lincoln ya dakatar da haƙƙin wanda aka tsare na a gurfanar da shi gaban alƙali a kan hanyar jirgin ƙasa da ke kai sojoji Washington, kuma a watan Satumba aka kama wasu 'yan majalisar jihar da ake zargi da goyon bayan kudu. Gaskiya ne majalisar ta ƙi ɓallewa tun a watan Afrilu, amma ba daidai ba ne a ce zaman Merilan cikin tarayya zaɓi ne zalla da babu hannun soja a ciki.

Kentaki, mahaifar Lincoln da Davis duka biyun, tana da bayi sama da 225,000. Gwamnanta Beriah Magoffin ya ƙi ba da soja ko ɗaya, jihar kuma ta ayyana kanta 'yar ba-ruwanmu. Lincoln ya yi haƙuri da wannan matsayi na tsawon watanni, har sai da sojojin kudu suka yi gaggawar mamaye garin Columbus da ke bakin kogin Misisifi a watan Satumba na 1861, majalisar jihar ta fusata ta karkata ga tarayya. A Misuri taron wakilai ya ƙi ɓallewa, gwamna Claiborne Jackson ya tsere da magoya bayansa suka yi tasu sanarwar ficewa a garin Neosho, jihar ta faɗa cikin yaƙin sari-ka-noƙe tsakanin maƙwabci da maƙwabci.

A nan ne batun doka ya shigo. Matsayin Lincoln tun ranar rantsar da shi shi ne cewa babu jihar da take da ikon ficewa, saboda haka takardun ɓallewa ba su da wani tasiri a shari'a, kuma jihohin kudu suna nan cikin tarayya, wasu mutanensu ne kawai suke tawaye. To amma idan haka ne, kundin tsarin mulki yana aiki a kansu, kundin kuwa bai ba shugaban ƙasa ko majalisar tarayya ikon taɓa bauta a cikin jiha ba. Bawa a idon dokar wancan zamani dukiya ne, kuma gyara na biyar ga kundin ya hana a ƙwace dukiyar mutum ba tare da bin shari'a ba. Ƙofa ɗaya ce ta rage wa Lincoln, wato matsayinsa na babban kwamandan askarawa a lokacin yaƙi. Bayi ne suke noma abincin sojojin kudu, su suke haƙa musu ramuka da gina musu ganuwa, don haka raba abokin gaba da su dabara ce ta yaƙi. Wannan hujja tana da ƙarfi a Jojiya, amma ba ta da madafa a Kentaki, inda kotuna suke zama kuma wakilan jihar suke majalisar tarayya.

Akwai kuma lissafin siyasa, wanda bai kamata a ɓoye shi ba. Lokacin da Janar John Frémont ya ba da umarnin 'yanta bayin 'yan tawaye a Misuri a watan Agusta na 1861, Lincoln ya soke wannan sashe na umarnin don gudun kada Kentaki ta suɓuce masa. A 1862 ya yi wa jihohi huɗun da ba su ɓalle ba tayin su 'yanta bayi sannu a hankali gwamnati ta biya iyayengijinsu diyya, kamar yadda aka yi a gundumar Washington a watan Afrilu, inda matsakaicin abin da aka biya bai wuce dala 300 a kan kowane mutum ba. Mafi yawan wakilansu suka ƙi.

Ranar 22 ga Satumba, 1862, kwanaki biyar bayan gumurzun Antietam, Lincoln ya ba da wa'adin kwana 100: duk jihar da sabuwar shekara ta riska tana tawaye, bayinta sun 'yantu. Da wa'adin ya cika, aka bar Tenesi a waje duk da cewa ta ɓalle, saboda yawancinta yana hannun sojojin tarayya kuma Andrew Johnson yana riƙe da ita a matsayin gwamnan soja. Aka keɓe gundumomi 13 na Luwiziyana har da birnin New Orleans. Aka keɓe gundumomi 48 na yammacin Birjiniya, mutanen kan duwatsu masu ƙarancin bayi da suka ƙi bin gwamnatin jihar da ke Richmond, waɗanda suka zama jihar Birjiniya ta Yamma ranar 20 ga Yuni, 1863, tare da wasu bakwai da suka haɗa da Norfolk.

Masu suka sun ce Lincoln ya 'yanta waɗanda hannunsa bai kai gare su ba, ya bar waɗanda yake da iko da su. A ganina wannan suka ta kama rabin gaskiya ne kawai. Daga wannan rana duk inda sojan tarayya ya sa ƙafa a kudu, 'yanci ya isa tare da shi, kuma sanarwar ta buɗe wa baƙaƙen fata ƙofar shiga soja, inda kimanin 180,000 suka sa kaki kafin yaƙin ya ƙare. Ta wannan ƙofa ce bauta ta fara rushewa har a jihohin da aka keɓe. A Kentaki, daga 1864, bawan da ya isa sansanin Nelson ya ba da sunansa a rubuta shi soja ya fita daga hannun ubangijinsa, ko da yake matarsa da 'ya'yansa sai a watan Maris na 1865 majalisar tarayya ta yi dokar da ta 'yanta su.

Lincoln ya san cewa matakin yaƙi yana iya faɗuwa a kotu idan yaƙi ya ƙare, shi ya sa ya dage a kan gyaran kundin tsarin mulki. Merilan ta soke bauta da kanta ranar 1 ga Nuwamba, 1864, Misuri kuma a watan Janairu na 1865. Kentaki da Delawaya sun ƙi, kuma dukansu sun yi watsi da gyara na 13, mai soke bauta a duk ƙasar, wanda majalisar wakilai ta tarayya ta zartar ranar 31 ga Janairu, 1865. Bayin da suka rage a cikinsu ba su sami 'yanci ba sai a watan Disamba na shekarar, da adadin jihohin da ake buƙata ya cika, kusan watanni shida bayan an karanta wa bayin Galveston na Teksas nasu albishir. Delawaya ba ta sa hannu a kan gyaran ba sai a 1901, Kentaki kuwa sai a 1976.