Me ake nufi da juyin log?

Kai kwamfuta mai aiki da Linux (tsarin gudanar da kwamfuta, kamar Windows) wurin mai gyara a Kwamfuta Bilej da ke Ikeja, ka ce masa faifai ya cika alhali ba ka zuba komai ba. Wurin da zai fara leƙawa shi ne /var/log. Nan kwamfuta ke rubuta duk abin da ya faru a cikinta: wa ya shiga, ƙarfe nawa, wace manhaja ce ta tsaya. Waɗannan fayilolin su ne log. Sunan ma daga jiragen ruwa ya samo asali, daga guntun itacen da matuƙan dā ke jefawa cikin teku don auna gudun jirgi.

Ita kwamfuta ba ta gajiya da rubutu. Manhaja ɗaya ta rikice, sai ta kwana tana maimaita kuskure guda har wuri ya ƙare.

Juyin log shi ne abin da dillalin albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas ke yi da littafinsa. In ya cika sai ya ajiye, ya buɗe sabo, wanda ya tsufa ƙwarai kuma a naɗe gyaɗa da takardunsa. Manhajar logrotate haka take yi. Yadda ta saba zuwa, tana juya fayil mako-mako, ta riƙe na mako 4, ta zubar da wanda ya wuce haka. Ana iya sa ta matse tsofaffin don su ƙanƙance.

Sai kundin log na systemd, manhajar da ke tayar da sauran manhajoji a Linux, shi da tasa dokar. In ba a taɓa shi ba, yana iya cin kashi 10 cikin 100 na faifan, amma ba ya wuce gigabait 4. A ƙaramin faifai wannan ya yi yawa, a ganina. Umarnin journalctl --disk-usage zai nuna maka nawa ya ci, journalctl --vacuum-size=500M kuma ya rage tsofaffin zuwa megabait 500. Wannan shara ce ta yau kawai. In kana son iyaka ta dindindin, rubuta SystemMaxUse=500M a /etc/systemd/journald.conf.

Inda masu gaggawa ke faɗawa rami shi ne goge fayil da umarnin rm alhali manhaja na riƙe da shi a buɗe. Sunan zai ɓace, wurin kuwa ba zai dawo ba sai an sake tayar da manhajar. Kada kuma ka matse iyakar har log ya ƙare a kwana biyu, don ranar da wani ya kutsa maka, a nan za ka nemi sawunsa.